Marke, Baushe da Ƙwayar Asibiti: Tarihin Neman Maganin Tarin Fuka Daga Sabon Gari

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau muna ƙaramar hukumar Fagge ne a Kano. In mutum ya tsaya a titin France Road cikin Sabon Gari, akwai abubuwa uku da zai iya kaiwa gare su da ƙafa. Akwai asibitin IDH, wanda Kanawa suka fi sani da asibitin zana, inda ake duba masu tarin fuka. Akwai kasuwar Sabon Gari, wadda ta daɗe tana cikin manyan wuraren sarin maganin bature a ƙasar nan. Sannan akwai masu maganin gargajiya, wasu sun baza saiwoyi da sassaƙe a gefen titi, wasu kuma suna yawo a mota da lasifika. Wanda ya yi wata guda yana tari, yana rama, yana gumin dare, ɗaya daga cikin ukun nan zai nufa. Inda ya fara zuwa kuwa na iya shafar rayuwarsa da ta yaran da yake kwana ɗaki ɗaya da su.

Tambayarmu ta yau: shin akwai itacen da ke kashe ƙwayar tarin fuka? A ɗakin gwaje-gwaje, akwai, da yawa ma, har da namu na nan gida. A jikin ɗan Adam kuwa, har yau ba a tabbatar da ko ɗaya ba. Tsakanin amsoshin nan biyu akwai tarihin sama da shekara ɗari. Ku biyo mu.

Unguwar da jirgi ya haifa

Turawa sun ci Kano a 1903. Layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baƙi suka fara kwarara: akawu-akawu, ma'aikatan reluwe, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya, har da mutanen Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau. A 1913 aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa. Fagge kuwa ta riga ta daɗe, tun zamanin ayari ita ce masaukin Buzaye da fataken da suka ratso sahara, daga baya Kwarori suka kafa kantunansu a gefenta.

Tsarin lafiyar da Turawa suka zo da shi a farko, kansu suka yi wa. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don kada sauro ya ɗebo musu zazzaɓi da shawara. To amma tarin fuka ba ruwansa da sauro. Iska yake bi. Mai cutar ya yi tari ko atishawa, ƙwayoyin su tsaya a iskar ɗaki na tsawon sa'o'i, wani ya shaƙa. Abin da yake so shi ne gidan haya mai ɗakuna a jere, mutum shida a ɗaki ɗaya, taga ƙarama ko babu, ga ƙarancin abinci. Ko'ina a duniya aka samu tashar jirgi, bariki, ma'adinai da kurkuku, nan yake yin sansani.

Sai dai kada a ce jirgi ne ya kawo mana shi. Akwai wani jinsin ƙwayar da aka fara bayyanawa a Dakar a 1968, wanda kusan a Afirka ta Yamma kaɗai ake samunsa, alamar cutar ta daɗe a yankin nan. Akwai kuma na shanu, wanda ake iya ɗauka ta nonon da ba a tafasa ba. Birni da cunkosonsa sun dai ƙara wa wutar itace ne.

Wace ce wannan ƙwaya?

Ranar 24 ga Maris, 1882, wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya tsaya a birnin Berlin ya sanar cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa cutar. Shi ya sa duk shekara ake tunawa da tarin fuka a wannan rana. Kafin nan, a Turai ma gado ake ɗaukarsa, kamar yadda a nan wasu ke cewa sammu ne ko iska.

Ƙwayar tana da halaye uku da ya kamata ku riƙe, don su ne mabuɗin duk labarin. Na ɗaya, jikinta lulluɓe yake da wani kauri mai kama da kakin zuma, magani ba ya ratsa shi da sauƙi. Na biyu, ba ta gaggawa. Wasu bakteriya kan rabu biyu cikin minti 20, ita kuwa sai ta ɗauki awa 15 zuwa 20. Na uku, tana iya shiga cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da aka turo su kashe ta, ta lafe, ta yi shekaru kamar mai barci. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, amma biyar zuwa goma cikin ɗari ne kawai za ta kwantar.

Akwai kuma rikicin suna. A bakin mutane da yawa, fuka na nufin asma, wato ciwon da ke toshe numfashi, wanda ba a ɗaukarsa daga wani. Shi ya sa wasu ke cewa tarin tibi don a bambanta. In mai magani ya ce yana da maganin fuka, a tambaye shi: wacce?

Likitan da ya rubuta sunayen itatuwanmu

Tun kafin asibiti, Bahaushe yana da abin da yake yi wa tari. Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har gobe akwai layin masu saiwa da sassaƙe. Ana jiƙa sassaƙen marke, ana dafa ganyen sabara, ana tsotsar bagaruwa, ana turara hano, ana haɗa citta da kanumfari da masoro da zuma, ana yin sirace.

Cikin waɗanda suka fara rubuta wannan ilimi da boko akwai John Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Arewa a farkon mulkin Turawa. A 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban kundinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Har yau masu bincike suna komawa gare su. Sunan kimiyya na itacen hano ma, Boswellia dalzielii, sunansa ne aka liƙa. Amma ku lura, ilimin na masu magani ne da mafarauta da makiyaya da tsofaffin mata da suka faɗa masa. Shi ya samu suna, su ba a rubuta nasu ba.

Abin da irin wannan kundi ke nunawa shi ne me mutane suke sha. Ko yana warkarwa, wannan wata tambaya ce daban. Labari na gaba zai nuna mana nisan da ke tsakaninsu.

Baturen da ya ce saiwa ta warkar da shi

A 1897 wani matashi ɗan Ingila mai shekara 17, Charles Stevens, likitansa ya ce masa yana da tarin fuka, ya tafi Afirka ta Kudu ko iskar can za ta taimake shi. A can wani mai maganin gargajiya daga mutanen Basoto ya ba shi dafaffiyar saiwa. Stevens ya ce ya warke sarai. Ya koma gida ya buɗe kamfani, yana sayar da maganin da sunan Umckaloabo, ya kuma ɓoye sunan tsiron.

A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta sa maganinsa cikin jerin na 'yan damfara. Ya kai su kotu, a 1914 ya sha kaye. Duk da haka wani likita a Geneva, Adrien Sechehaye, ya ba marasa lafiya kusan 800 maganin, ya wallafa sakamakonsa a 1930 yana yabawa. Sai a shekarun 1970 masu bincike a Jamus suka gano tsiron, wani ɗan ƙaramin fure ne da ake kira Pelargonium. Yau ana sayar da shi a kantunan magani na Turai, amma don mura da tarin sanyi. Na tarin fuka kam, bai ci jarrabawa ba.

To ƙarya Stevens da Sechehaye suka yi? Ba lallai ba. Ga abin da ke ruɗar mutane. Kafin a samu magani, in aka ɗauki masu tarin fuka na huhu aka bi su shekara biyar, kusan rabi sun mutu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun warke da kansu, sauran kuma suna nan suna fama suna yaɗawa. Ke nan duk abin da ka ba mutum ɗari, ko ruwan randa ne, za a samu ashirin da wani abu da za su dawo su yi maka godiya. Waɗanda suka mutu ba sa dawowa ba da shaida. Mai magani na iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa ya ga waɗanda suka warke, kuma ya gan su ɗin. Abin da bai gani ba shi ne nawa ne za su warke ko da bai ba su komai ba.

Man da ya shiga asibitin kutare

Akwai lokacin da itace ya shiga asibiti da ƙafarsa. Ƙwayar kuturta 'yar uwar ta tarin fuka ce, dangi ɗaya ne. A Indiya da Bama an daɗe ana amfani da man 'ya'yan wani itace, calmugura, a kan kuturta. Matsalarsa, in an sha sai amai, in an yi allurarsa sai ya dunƙule a ƙarƙashin fata. A 1915 wata matashiya baƙar fata 'yar Amurka, Alice Ball, ta gano yadda za a sarrafa man ya zama allurar da jiki zai karɓa. Ta rasu a 1916 tana da shekara 24, shugaban jami'arta ya ɗauki aikin ya sa sunansa. Sai bayan shekaru masu yawa aka mayar mata da haƙƙinta.

Wannan man shi ne maganin da ake yi wa kutare a Najeriya a shekarun 1930, zamanin da 'yan mishan na SIM suka karɓi kula da sansanonin kutare na lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Sunayen Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa daga wannan tarihin suka yi fice. Allurar tana da zafi, ana shekaru ana yi, wasu su samu sauƙi, da yawa ba su samu ba. An gwada man a kan tarin fuka ma, bai yi ba. A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli da ke gabashin Najeriya, Dakta John Lowe ya nuna cewa ƙwayar dafson da ake haɗiya ta fi shi aiki nesa ba kusa ba, aka ajiye man. Zumuncin cututtukan biyu bai yanke ba: shirin ƙasa da aka kafa a 1989 na tarin fuka da kuturta ne a haɗe, cibiyar horar da ma'aikatansa kuma tana Saye a Zariya.

Magani ya fito daga ƙasa

Abin mamaki, da maganin gaske ya zo, daga turɓaya ya fito. A 1943 wani ɗalibi, Albert Schatz, a ɗakin binciken Selman Waksman a jami'ar Rutgers ta Amurka, ya samo sitiraftomaisin daga wata halitta da ke rayuwa cikin ƙasa. A Suwidin kuma Jorgen Lehmann ya ƙirƙiro PAS, wanda ɗan uwan asfirin ne, shi kuwa asfirin asalinsa daga sinadarin ɓawon wani itacen bakin rafi ne. Kun ga ko a nan itace ya sa hannu, ta bayan gida. Aisoniyazid ya zo a 1952. Rifamfisin kuma, wanda ke sa fitsari ya yi ja, ya samo asali ne daga ƙasar da aka ɗebo a wani dajin kudancin Faransa a 1957.

A 1948 likitocin Birtaniya suka wallafa wani gwaji da ya canza aikin likita. Sun raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su sitiraftomaisin da hutu, wasu hutu kawai. Maganin ya rage mutuwa a watannin farko. Amma cikin 'yan watanni sai ƙwayar ta daina jin sa a jikin da yawa daga cikinsu.

Ga lissafin. Rami ɗaya a huhun mai cutar na iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan ɗari ko fiye. Cikin kowace miliyan guda, akan samu kamar ɗaya da aisoniyazid ba ya kashewa. In ka ba da magani ɗaya tal, ka share masu rauni, ka bar wa masu taurin kai fili. In ka haɗa uku ko huɗu, da wuya a samu wadda ta gagari dukkansu. Shi ya sa har yau tsarin yake haka: wata biyu ana shan magani huɗu, wata huɗu ana shan biyu, jimla wata shida. Wannan darasin ya shafi itace ma. Ko gobe aka samu sinadari mai ƙarfi a jikin marke, ba zai yi aiki shi kaɗai ba.

Me ya sa aka koma daji?

Bayan rifamfisin, sai aka yi kusan shekara arba'in ba a samu sabon jinsin maganin tarin fuka ba. Ƙasashe masu kuɗi sun ɗauka an gama da cutar. Sai ga ƙanjamau, ga tarin da ba ya jin magani. A 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Masu bincike suka tuna cewa kwinin, wanda aka tace daga ɓawon itace a 1820, da atimisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro daga tazargade a 1972, su ne suka riƙe duniya a yaƙi da maleriya. Me zai hana a samu irinsu?

A nan gida, a ƙarshen shekarun 2000, Abdullahi Mann da abokan aikinsa, tare da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, sun zagaya wajen masu maganin gargajiya a jihar Neja suna tambayar me suke ba mai tari. Suka kai tsirran ɗakin gwaji. Cikin waɗanda suka fi nuna ƙarfi akwai marke da baushe. Daga saiwar baushe suka ware sinadarai, ciki har da wanda ake kira firidelin, suka ga suna hana ƙwayar girma a kwanon gwaji.

Tafarnuwa ma haka. Sinadarinta mai warin nan, alisin, wanda aka ware a 1944, yana kashe dangin wannan ƙwaya a gwaji. A Afirka ta Kudu, Farfesa Namrita Lall ta jami'ar Pretoria ta samu sinadari mai ƙarfi a saiwar wani itace ɗan dangin kanya. A 2016 masu bincike a jihar Michigan ta Amurka sun nuna cewa atimisinin na tazargade yana hana ƙwayar shiga barcin nan da take ɓuya a cikinsa. A Indiya kuma, a 2009, an fitar da wani magani mai suna Risorine, wanda aka haɗa rifamfisin da aisoniyazid da fifarin, sinadarin yajin da ke cikin masoro. Aikin fifarin a ciki shi ne ya taimaka wa jiki ya riƙe rifamfisin. Ba ya cikin maganin da ake bayarwa a asibitocinmu, amma ya nuna wata hanya: itace na iya zama mataimaki.

To in haka ne, me ya hana a ce kowa ya je ya jiƙa marke? Dalilai huɗu. Na farko, ƙarfi. Abin da ake buƙata na ruwan sassaƙe kafin ya tsayar da ƙwayar a kwano yakan ninka na aisoniyazid sau ɗaruruwa, wani lokaci sau dubbai. Na biyu, hanya. Abin da ka sha sai ya tsallake ciki da hanta, ya shiga jini, ya isa ramin huhu da ƙarfinsa. Alisin, misali, da ya shiga jiki yake lalacewa. Na uku, guba. Sinadarin da ke kashe ƙwaya sau da yawa yana taɓa ƙwayoyin jikin mutum ma. Na huɗu, ma'auni. Marken Falgore da na Daura, na damina da na rani, ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Kwanon gwaji matakin farko ne kawai. Bayansa akwai ɓeraye, akwai masu lafiya 'yan sa-kai, akwai ɗaruruwan marasa lafiya, ga shekaru, ga kuɗi.

Kuma ba abin da ya gagara ba ne. Ita NIPRD ɗin ta taɓa ɗaukar haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta bi matakan gwaji, ya zama maganin sikila mai suna Niprisan.

Abin da ya faru a asibitin zana

Da zarar an ce gwaji a Kano, akwai tabon da ke motsawa, kuma a wannan asibitin na France Road aka yi shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara. Yara 200 ne a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka sani. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan doguwar shari'a, a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Wannan labari na cikin abin da ya ƙara wa ƙin rigakafin shan inna ƙarfi a 2003.

Darasin da wasu suka ɗauka shi ne a guji asibiti. Darasin da ya fi dacewa shi ne kada a ɗura wa mutum abin da ba a tabbatar ba, ba tare da saninsa da yardarsa ba. Wannan ma'aunin kuwa bai ware kowa ba. In mun tambayi kamfanin Amurka ina shaidarsa, sai mu tambayi mai lasifika ma. Wanda ya sayar wa mai tarin jini jarkar tsimi ya ce kwana bakwai ya warke, shi ma gwaji yake yi da ran mutum, ba takarda, ba mai sa ido.

Kasuwa da rabin magani

Ɓangaren maganin bature ma yana da nasa laifin. Shekara da shekaru, a kasuwar Sabon Gari da kewayenta mutum na iya sayen kusan kowace ƙwaya ba tare da takardar likita ba, an jibge ta cikin zafin rana. Mai tari ya sayi na kwana goma, ya ji sauƙi, ya bari. Ku tuna lissafin ɗazu. Haka ake ƙera tarin da ba ya jin magani. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin babbar kotun tarayya, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a Sabon Gari da Malam Kato da Niger Street, aka ce 'yan sari su koma sabuwar cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya.

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Lambar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Kuma uku daga cikin magungunan tarin fuka huɗu suna wahalar da hanta. Wanda ke shansu ya ƙara da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ya ɗora wa hantarsa kaya biyu. In ido ya fara yin rawaya, a koma asibiti a ranar.

Inda aka kwana

A 2023, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, miliyan 1.25 suka mutu. Najeriya ce ta ɗaya a Afirka, da kusan rabin miliyan a shekara, Kano kuma na cikin jihohin da aka fi samun masu shi. Amma kayan yaƙi sun ƙaru. Na'urar GeneXpert na duba kaki ta ba da amsa cikin kamar awa biyu, har ta faɗa ko ƙwayar na jin rifamfisin. Sabon magani, bedakwilin, ya fito a 2012. Tarin da ba ya jin magani, wanda a da ake kusan shekara biyu ana allura har wasu su kurumce, tun 2022 an amince da tsarin wata shida na ƙwayoyin haɗiya.

Su kuma itatuwan, akwai abin tsoro. A 1987 masu bincike suka ɗebo ganyen wani itace a dajin Sarawak na Malesiya. Da gwaji ya nuna yana da sinadarin da ke yaƙar ƙwayar ƙanjamau, wanda daga baya aka ga yana taɓa ta tarin fuka ma, suka koma neman itacen, suka tarar an sare shi. Da ƙyar aka samo irinsa a wani lambun gwamnati a Singafo. Yanzu ku dubi buhunan gawayi da lodin itacen da ke shigowa Kano kullum. Marke da ƙirya suna cikin waɗanda aka fi so, saboda wutarsu tana daɗewa. Tsofaffin da suka san wace saiwa ake haƙa, a wane wata, su ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban haɗa magunguna da na kimiyyar tsirrai a BUK da ABU da Danfodiyo, ga aiki nan a ƙofar gida. A rubuta ilimin, a rubuta sunan mai shi, a kai shi ɗakin gwaji.

Masu maganin gargajiya kuma, su ne mutane da yawa ke fara zuwa wajensu. Wanda ya ga tari ya wuce mako biyu ya ce wa mai shi ya je a duba kakinsa, ya ceci gida guda.

Mu kuma namu mai sauƙi ne. Tarin da ya kai mako biyu, ko zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, ko jini a kaki, a je a yi gwaji. Gwajin kaki da magani kyauta ne a asibitin zana da sauran cibiyoyin gwamnati, ana kuma iya kiran 3340 kyauta a ji wuri mafi kusa. A kai yaran gidan a duba su. A buɗe taga. Wanda ya fara magani ya kai shi ƙarshe ko da ya ji garau, kuma a daina gudunsa, don bayan 'yan makonni da fara shan magani daidai yawanci ba ya yaɗawa. Shayin citta da zuma don laushin maƙogwaro ba laifi, a dai faɗa wa ma'aikacin lafiya duk abin da ake sha.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Ku faɗa mana, a garinku wane itace ake ba mai tari, kuma me kuke kiransa? Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.